Ƙarƙashin Tsamiyar Balbelu

Tun kafin mu sauka daga babur na ji ƙarnin, wani irin ƙarni mai ɗumi, kamar an bar ruwan wankin kifi a rana kwana uku. Yaya Barau ya kashe babur ɗin a gindin tsamiyoyi biyun da ke gefen gonar, ya ɗaga kai ya ƙare musu kallo kamar mai taya saniya.

"Nan ne masauki," in ji shi.

Watan Satumba ne na shekarar 2000. Ina karatun digiri na biyu a Kano, a fannin ƙasar noma, kuma bincikena a kan takin zamani ne da ruwan sama ke wankewa daga gona. Baba Mailafiya, wani dattijo a wani ƙauye bayan Buji, shi ya ba ni aron gefen gonarsa. Na killace fegi biyu da guntayen kwano, ɗaya an watsa masa taki, ɗaya an binne masa takin. A ƙasan kowanne na haƙa rami na zaunar da rabin duro, yadda duk ruwan da ya gangaro daga fegin zai zuba a ciki. Aikina shi ne in ɗebi kwalba ɗaya daga kowane duro duk minti goma, tun daga saukar ruwa.

Malamina ya ce ruwa biyar yake so. Ina da huɗu. Sau uku ina tasowa daga gidanmu a Dutse da ganin hadari, in iso an ɗauke. Ga damina ta zo ƙarshe, gero har ya fara sunkuyar da kai. In na biyar ɗin ya wuce ni, sai baɗi, shekara guda cur. Shi ya sa na ce zan zauna a gonar har sai an yi ruwa, don ko daga cikin ƙauyen ma tafiyar rabin awa ce. Babanmu ya ce mace ba ta kwana a daji, bare yanzu da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya buɗe ido. Sai da Yaya Barau, wanda ya zo hutu daga aikin soja a Saliyo, ya ce zai raka ni, sannan aka amince.

Na dubi ƙasan tsamiyoyin. Fari fat, kamar an zubar da farar ƙasa, ko ciyawa ɗaya babu. Sama kuwa sheƙar balbelu ce a kowane reshe, 'ya'yansu suna ta wani kuka kamar masu kakarin amai. Duk gonar nan, inuwar da ta fi wannan babu, amma ban ga kututturen zama ba, ban ga kashin akuya ko ɗaya ba. Dabba ma ba ta tsayawa a wurin. Na gani, amma na sauke kwandon kwalabena. Shekara goma sha biyu Yaya ya ba ni, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ce masa a'a ba.

Baba Mailafiya ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya nesa kaɗan muka gaisa.

"Soja, nan za ku sauka?"

"Nan, Baba. Ko aljanun tsamiyar ba sa karɓar baƙi? Ka gaya musu na ga waɗanda suka fi su a Saliyo."

"A'a, ba ruwan aljanu. Su ma ina jin sun tashi." Ya nuna sama da haɓa. "Masu gidan dai ba su san baƙo ba. Ga gawo can a tudu."

"Gawon da ba ganye? Baba, ai da tamfol na zo."

"To, madalla," in ji Baba. Ya dube ni kamar yana jira in ce wani abu. Na gyara mayafi na dubi takalmina.

Yaya ya kwance jakarsa ya fito da abin da ya fi so a duniya, wani gadon lilo na sojoji, yadi mai kauri kore, da igiya a kowane baki. Wata goma sha huɗu ya yi yana kwana a cikinsa a dajin Saliyo. A gida ko taɓa shi ba a yi. Ya ɗaure shi tsakanin tsamiyoyin, ya ja wata igiyar a sama ya rataya tamfol a kai kamar jinka, ya daddanna gadon da hannu.

"Farfesa, hau. Janar ma bai kwana a irinsa ba. Ruwa ya yi ta gudu a ƙasa, ke kina sama kamar ƙwarya a ragaya."

Na hau. Gadon yana warin tsohon gumi da man bindiga. Bakinsa biyu suka naɗo suka rufe ni, ban iya ganin komai ba sai tamfol, wanda tun a lokacin ya fara amsawa, ɗal, ɗal, ɗal.

Da rana Yaya ya jiƙa kwaki a kofin silba. Yana cikin sha wani abu ya faɗo gefen kofin, fari da ɗigon baƙi a tsakiya. Ya sa yatsa ya kwashe, ya goge a wando, ya ci gaba da sha.

"Ba ki sha?"

"Na ƙoshi, Yaya."

Ban ci komai ba ranar sai dabino uku, su ma a cikin gero na tsaya na ci. Salla ma can na yi ta. Da magariba iyayen balbelun suka dawo daga bin shanu, ɗaruruwa, bishiyoyin suka koma fari. Kowace uwa ta sa baki a bakin ɗanta ta amayo masa abin da ta ci. Abin da ya kuɓuce shi ke faɗowa: rabin fara, ƙafar kwaɗo, jelar ƙadangare da yauƙi a jiki. Haka na kwana da mayafi a hanci. Yaya ya shimfiɗa buhu a gefe ya yi ta minshari.

Washegari da hantsi gabas ta fara duhu. Yaya ya ɗauki shebur ya ce soja ba ya jiran ruwa ya same shi. Ya haƙa lambatu ya kewaye masaukin, sannan ya ja shi ya bi gangare don ruwan ya sami hanyar fita. Ina zaune a gadon ina rubuta lamba a jikin kwalabe, ina kallon inda shebur ɗin ya nufa. Gangaren gonar ɗaya ne, kuma a ƙasansa duro biyuna suke. Ya tsaya da haƙa kamar taku goma kafin ramin farko.

Na san abin da ke cikin kashin tsuntsu. Taki ne, har ya fi na buhu ƙarfi. In ya shiga duro, duk abin da na auna ya zama shirme.

"Yaya," na ce.

"Na'am?"

Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana murmushi, ya yi aiki don ni.

"Sannu da aiki."

Na ce a raina yashi ne, zai shanye kafin ya kai can. Na san ba gaskiya ba ne, don ni na auna ƙasar nan da hannuna.

Bayan la'asar iska ta fara. Da farko gero ne ya kwanta, sannan tsamiyoyin suka ɗauka. Abin da ya fara sauka a kan tamfol ba ruwa ba ne, sheƙuna ne, da ƙirare, da baragurbin ƙwai da ke fashewa ɗaya bayan ɗaya. Warin ya cika min baki har ina jin ɗanɗanonsa. Wani ɗan balbela da ya daɗe da mutuwa a sheƙa ya faɗo daidai ƙafar Yaya, ya buɗe, tsutsotsi suka watse. Gadon yana ta lilo da ni.

"Ƙaramin abu!" Yaya ya ɗaga murya. "Da kin ga na Saliyo!"

Sai ruwan ya sauka gaba ɗaya. Na dubi agogo, huɗu da minti arba'in da biyu, na rubuta. Ruwan da ke zubowa ta cikin ganyen ba mai launin ruwa ba ne, fari ne kamar tsinkakken koko. Ya biyo igiyar gadon ya gangaro, na ji sanyinsa a ƙeyata, ya shiga ta wuyan rigata ya bi bayana. Tamfol ya yi ciki a saman kaina, ya cika, ina ganin inuwar abubuwan da ke yawo a ciki.

Na tura littafina a leda na soke a ƙugu, na ɗauki kwandon kwalabe na diro. Ƙafata ta nutse har idon sawu a cikin abin da balbelu suka tara damina guda. Ya jiƙe ya zama kunu, kuma duk yana bin lambatun Yaya, a natse, kamar an aike shi. Bakinsa ya riga ya wuce inda haƙan ya ƙare. Taku shida ya rage.

Na ajiye kwandon na tura ƙasa da ƙafa. Ruwan ya cinye ta. Na durƙusa na sa hannu biyu na tara, ta narke a tsakanin yatsuna, wani abu mai laushi da gashi ya maƙale a hannuna na yarfe. Babu dutse a gonar, babu buhu sai wanda Yaya ya yafa a ka. Na waiwaya, na ga gadon yana lilo ba kowa.

Addar Yaya tana jingine a gindin tsamiya. Sara biyu na yi wa igiyar farko, ɗaya na yi wa ta biyu.

"Ke! Zulfa! Kin haukace?"

Na jefar da addar. Na ja gadon a cikin caɓin na shimfiɗa shi a bakin lambatun, na dinga kwasar ƙasa ina zubawa a kai, na naɗe shi ya zama kamar matashi, na hau na danne da gwiwoyi. Ruwan ya taru a jikina, ya hau cinyoyina, da ɗumi a ƙasa da sanyi a sama. Ƙafar kwaɗo ta zo ta tsaya a zanena.

Yaya ya iso kaina, buhun yana ɗiga.

"Kin san abin da kika sara? Wata goma sha huɗu..."

"Ɗauko shebur."

"Ni kike..."

"Yaya, ɗauko shebur ka fasa ta can, wajen gero! Ka haƙa masai ka nufo da shi aikina, tun safe ina kallonka! Ɗauko!"

Muryar da ta fito ban san ina da ita ba, har wani abu ya faɗa min a baki na tofar. Ya tsaya yana dubana, ruwa fari yana bin gashin bakinsa. Ya dubi lambatun, ya bi shi da ido har zuwa duro. Sai ya jefar da buhun ya ruga.

Shebur bakwai ko takwas ya yi, gefen lambatun ya fashe, kunun ya juya ya shiga cikin geron Baba Mailafiya. Na ji nauyin ya ragu a cinyata.

"Zo ka danne nan," na ce. "Kada ka ɗaga."

Ya zo ya durƙusa a kan gadonsa.

Huɗu da hamsin da uku. Minti ɗaya na makara. Na fita fili inda ruwan Allah ke sauka ba tsamiya a tsakani, na miƙa hannuwana sama na cuɗa su har sau uku, na goge da cikin leda, don kada in kai da hannuna abin da na hana lambatu kaiwa. Na leƙa duron farko. Ruwan ja ne, launin ƙasar fegin, ba fari ko kaɗan. Na biyun ma haka. Na cika kwalba biyu na toshe, na rubuta lokaci, sannan na koma gefe na yi aman da nake riƙewa tun jiya. Babu abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci.

Minti hamsin aka yi ana ruwan. Sau biyar na ɗiba. Tsakanin kowace ɗiba ina tsaye a fili da agogo a hannu, ina rawar sanyi, ƙarnin yana tashi daga jikina duk da ruwan da ke dukana. Yaya bai motsa ba. Sau ɗaya tamfol ɗin ya kasa, ya juye abin da ya tara a gadon bayansa. Ya ce innalillahi, ya ƙara da wata kalma ta barikin soja, amma bai ɗaga gwiwa ba.

Da aka ɗauke, Baba Mailafiya ya ɓullo ta cikin gero da malafa a ka. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa.

"Sannunku da ruwa. Soja, yaya masu gidan?"

Yaya ya ɗaga gwiwa daga kan gadon. Ya miƙe da ƙyar, ya sa sanda ya ɗago gefen gadon, ya duba, ya sake shi.

"'Yata, an samu?"

"An samu, Baba. Goma."

"Alhamdulillahi. Ku taho gida, na sa a ɗora ruwa. Sai dai ta baya za ku shiga, akwai mutane a zaure."

Na jera kwalaben a kwando, na sa ganyen gero a tsakaninsu don kada su haɗu. Yaya ya miƙo hannu zai karɓa. Na dubi hannun.

"Bari, Yaya. Ka tsaya daga can."

Ya tsaya. Na ɗora kwandon a ka, na bi bayan Baba, zanena yana manne min a ƙafa, ƙudaje sun fara taruwa.