Ƙofar Kremenik

Da hantsi wani amalanke ya tsaya a bakin ƙofar gari. Wata mace cikin baƙaƙen kaya ta sauko, riƙe da yaro a kafaɗa, ta ɗaga kai tana kallon ganuwa. Masu gadi suka leƙo, suka gane ta. Can ɗaya daga cikinsu ya jingine mashinsa ya ruga fada.

A shekarar ne baƙar annoba ta sauka a garuruwan bakin teku. Mutum zai kwanta lafiya, ya wayi gari da kumburi a hammata, kafin mako ya zagayo an rufe shi da ƙasa. Da labari ya hau duwatsu ya iso Kremenik, Sarauniya Dobrila, wadda ke riƙe da garin tun da mijinta ya faɗi a yaƙi, ta sa aka datse ƙofa. Ta tsaya a gaban majami'a, jama'a na ji, ta rantse cewa babu mai shigowa har annoba ta wuce, ko shi wane ne. Waɗanda rufewar ta tarar a waje, makiyaya da fatake, suka kafa bukkoki a gindin ganuwa, ana zura musu abinci a kwando.

"Ranki ya daɗe," in ji mai gadin, yana haki. "Gimbiya Yelka ce a ƙofa. Da ɗanta."

Dobrila ba ta da wata 'ya sai Yelka, wadda ke aure a bakin teku. Ɗan kuma shi ne Tomash, mai shekara uku, wanda dattawa suka amince shi zai gaji kakansa in ya girma.

Radosh, ƙanin marigayi sarki, ya miƙe daga cikin hakimai. Ya ɗaga murya yadda har na tsakar gida za su ji.

"To, matar yaya, me ake jira? A buɗe mana. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar."

"Kana wurin lokacin da na rantse, Radosh."

"Ina nan. Amma rantsuwar ai don talakawa aka yi ta, ko ba haka ba?" Ya yi ɗan murmushi.

Ta dube shi. Ta san shi tun bai yi gemu ba. In ta buɗe, gobe zai ce sarauniya ta ci rantsuwa. In ta ƙi, zai nemo wani suna ya laƙa mata. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

A gindin matakalar ganuwa wata mace ta tare mata hanya, hannuwanta duk gari. Manda ce, mai gasa burodin unguwar maƙera.

"Ranki ya daɗe, 'ya'yana biyu suna can ƙasa da tumaki tun ranar da kika rufe. Ban ce komai ba, kullum ni ke gasa abin da ake zura musu. Amma in ƙofar nan ta buɗe don ɗan wani, na rantse da Allah, mu iyaye da haƙoranmu za mu ɓalle ta."

Bayan Manda mata ne tsaye cike da lungun. Dobrila ta ratsa su ta hau.

"Mama, ni ce," Yelka ta kira daga ƙasa. "Mijina ya rasu."

"Da me ya rasu?"

"Da abin da kowa ke mutuwa da shi. Amma mu lafiyarmu ƙalau. Duba ki gani." Ta tuɓe wa yaron riga, ta ɗaga hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, tana nuna hammatarsa ga sama. Yaron ya ɗauka wasa ne, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Akwai bukka mai rufin kirki kusa da itacen ɓaure," in ji Dobrila. "Zan aiko da barguna."

"Bukka? To naji, ni zan zauna. Ki zuro kwando ki ɗauki Tomash kawai. Bai kai nauyin buhun gari ba."

"Ba zan iya ba, Yelka."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba? Ke ce sarauniya."

"Shi ya sa."

Yelka ta daɗe tana kallon uwarta. Sannan ta mayar wa ɗanta riga, ta nufi itacen ɓauren.

Daga ranar Dobrila ba ta bar wa kowa igiyar kwandon ba. Kowace safiya da hannunta take zura shi: burodi, cuku, man zaitun, busasshen ɓaure, wata rana har rigar gashin da marigayi ya kawo mata daga arewa. Igiyar ta yi mata kanta a tafin hannu. Da farko Tomash kan rugo ya tari kwandon yana kiran kaka, uwarsa kuma ta ɗaga kai ta gaishe ta a taƙaice.

Sai annobar ta ɓulla a cikin bukkokin. Wani farke ya fara, babban ɗan Manda ya bi. Aka ja gawarwakin da ƙugiya zuwa kwari. Waɗanda a da suke gunaguni a kan rufe ƙofa suka yi tsit. Limamin majami'a ya ce Allah ya ba garin uwa. Mata suka riƙa sumbatar gefen rigar Dobrila in ta wuce.

Sanyi ya sauko da wuri a shekarar. Iska mai yankan fata ta riƙa gangarowa daga dutse, tana ɗaga rufin bukkoki. Tomash ya daina fitowa taren kwando. Daga kan ganuwa Dobrila tana jin tarinsa, ƙarami, busasshe. Ta aika da zuma, ta aika da itacen wuta, ta sa mai maganin fada ya tsaya a sama yana yi wa Yelka ihun abin da za ta dafa. A cikin fada kuwa akwai ɗaki mai murhu, da gadon da Yelka ta kwanta a kai tana jaririya, an share shi, babu kowa.

Wata safiya kwandon ya sauka, ba wanda ya zo. Dobrila ta riƙe igiyar har hannunta ya mutu. Can ta hango Yelka a gindin ɓauren, ita da ɗan Manda da ya rage, suna sarar ƙasa mai ƙanƙara da gatari. Ramin bai da tsawo.

Da suka gama, Yelka ta tako har gindin ganuwa. Ba ta kuka.

"Babu kumburi, Mama," ta ce. "Na duba shi ko'ina. Sanyi ne."

Ta juya, ta bar kwandon yana lilo a jikin dutse.

Da bazara annoba ta ɗauke. Garuruwan da ke maƙwabtaka da Kremenik suka zama kufai, karnuka na kwana a majami'unsu. A cikin Kremenik ko mutum ɗaya ba ta ɗauka ba. Aka buɗe ƙofa, aka kaɗa ƙararrawa, aka yanka raguna, aka sha ruwan inabi har aka zubar. Yelka ta shigo tare da sauran, ta wuce fada ba ta kalle ta ba, ta sauka a gidan wata gwaggonta.

Wanda ya haye kogi ba ya tuna kwalekwale. Kafin a girbe alkama magana ta sauya a bakin rijiya da wurin wanki.

"Ni dai da ni ce, ko gari zai ƙone sai na ɗauki jikana."

"Ke ma kya faɗa. An ce ko hawaye ba ta yi ba."

"Za ta yi hawaye? Yaron ai shi ne mai kujerar. Yanzu wa zai ce mata sauka?"

Ba wanda ya ji Radosh ya faɗi wannan da bakinsa. Shi dai yakan girgiza kai a gidan shan inabi, ya ce Allah ya jiƙan yaro, ya ce shi kam ya roƙa a buɗe, kowa shaida ne.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Dobrila ta nemi a kira Manda, ta maimaita abin da ta faɗa a gindin matakala. Manda ta zo tana murza gefen zanenta, idonta a ƙasa.

"Ni talaka ce, iyayena, me na sani? Na ce kada a buɗe, gaskiya ne. Amma ban ce a bar yaro ya mutu ba."

Sai Radosh ya sa aka kira Yelka, ya tausasa murya.

"'Yata, kada ki ji tsoro. Faɗa wa dattawa abin da aka yi miki."

Yelka ta dubi majalisar, fuska bayan fuska. Ta rame, gashinta ya soma fari.

"Uwata ta rantse, ta cika," ta ce. "Na zauna a bukkokin nan, na ga yadda abin ke kama mutum. Da ta buɗe mini, da duk na waje sun biyo bayana, da rabinku kuna kwari. Duk wanda ke zaune a nan saboda ita yake numfashi. Har kai, Baffa."

Wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce baƙin ciki ya taɓa gimbiya, a bar ta ta huta. Kafin rana ta karkata an gama: mulki ya yi wa mace nauyi, Radosh zai karɓa, Dobrila kuma za ta tafi gidan mata masu zuhudu da ke kan dutse, ta yi wa gari addu'a.

Ranar tafiya tana ɗaure 'yan kayanta, kuyangi duk sun koma ɓangaren matar Radosh, sabuwar uwargida, sai ta ji taku. Yelka ce tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Tun rasuwar yaron ba su tsaya kusa haka ba.

"An ce can akwai sanyi," in ji Yelka. Ta ajiye safar ulu a kan akwati.

"Na ji abin da kika faɗa musu," in ji Dobrila. "Yelka, ba ranar da ba na..."

"Gaskiya na faɗa. Kin yi daidai, Mama. Na faɗa a gabansu, in Allah ya tambaye ni ma haka zan faɗa."

Dobrila ta tako, ta miƙa hannu za ta shafa kuncin 'yarta. Yelka ta ja da baya.

"Amma kada ki taɓa ni."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta sunkuya kaɗan, irin gaisuwar da ake yi wa manya, ta fita.

Dobrila ta tsaya da hannu a miƙe, sannan ta mayar da shi cikin mayafi. Daga tsakar gida mai alfadarin da zai kai ta yana tambayar wani ko tsohuwar ta shirya, don yana son ya je ya dawo kafin ruwa ya sauko.