Wanda Ya Fito da Izzuddeen Daga Teku

Mahfuz tela ne a unguwar Wunti ta Bauchi, kuma tun da aka haife shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ko madatsar Gubi daga nesa suke gaisawa. Shekara biyu yana neman auren Amatullah lafiya lau, sai ta ɓullo da sabon salo: da ya zauna zance za ta miƙo masa waya.

"Kalli Ya Izzuddeen!"

Izzuddeen ɗan goggonta ne, yana karatu a Durban, can Afirka ta Kudu. A bidiyon ga shi tsaye kan wani dogon allo, igiyar teku ta taso kamar katangar gida, shi kuwa yana sulalawa a jikinta yana dariya. Mahfuz ya ce masha Allah, da baki kawai. Kishi ne ya turnuƙe shi, don bai taɓa ganin idon Amatullah ya yi wannan ƙyalli a kansa ba.

Kwana uku yana tonon waya, ɗinkin mutane na jira, har ya samo abin da yake nema: bidiyon kifin shak, mai haƙora kamar zarto, wanda ke gutsure ƙafar masu hawan igiya. Ya naɗe atamfar da ya ɗinka wa Goggo Habibatu, mahaifiyar Izzuddeen, ya hau keke sai gidanta a GRA.

"Goggo, ba don tsegumi ba," in ji shi, yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. "Kin san abin da ke cikin ruwan da ɗanki ke wasa?"

Ya miƙa mata wayar, tsohuwa ta kalla sau ɗaya ta dafe ƙirji tana salati. Lissafin Mahfuz gajere ne: za ta hana yaron shiga teku, bidiyo ya ƙare, zance ya koma yadda yake. Ya manta uwa ba ta tsayawa a rabin hanya. A gabansa ta buga waya.

"In dai ni na haife ka, ka tattaro ka dawo. Karatun ma na yafe!"

Ba a yi mako biyu ba Izzuddeen ya sauka Bauchi, ƙafafunsa biyu cif, ga faɗin kafaɗa. Mahfuz ya je zance ranar Juma'a da la'asar, ya tarar da shi a tsakar gida ana ta shewa, Amatullah na zuba masa kunun aya. Garin neman gira ke nan.

Goggo Habibatu ce ta hango shi a soro, ta taso da fara'a.

"Mahfuz, Allah ya yi maka albarka, kai ka ceto min yaro. Amma na san halinsa, in ba a ɗaure shi ba zai koma ruwan nan. Aure zan yi masa ya zauna. Na yi wa baban Amatullah magana, ita ma ba ta ce a'a ba. Ka taya mu addu'a."

Mahfuz ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Goggo."