Layi Huɗu na Hatsin Kawu Manzo

Cikin Afirilu Mushe Almustafa ("mushe" muke kiran 'yan boko, da Faransanci) ya zo duba kwanar hanyar da ke bakin garinmu, a farar mota mai sanyi. Injiniyan hanyoyi ne daga Tawa, da baƙin gilashi da takalmin da bai taɓa sanin ƙaya ba. Ya tsaya bakin gudron, wato kwalta, ya hangi gabas, ya hangi yamma, ya ga fili fetal. Ya rubuta cewa direba na ganin gabansa sarai. Minti goma, ya koma.

Ko akuyar gidanmu ta san abin da mushen bai sani ba. Gonar Kawu Manzo, ƙanen mahaifiyata, ta zo har gefen gudron, kuma da damina hatsi na fin mutum tsawo. Mai tahowa daga Tawa ba ya ganin mai tahowa daga Kalfu sai sun shaƙi numfashin juna.

A nan ne bara kamyon, babbar motar albasa, ya kwashi Issouf, mijina, shi da kabu-kabunsa. Wata bakwai ina juya shi bisa tabarma, ina ɓoye kukana cikin hayaƙin murhu. Yanzu ya miƙe da ɗingishi, ran Lahadi zai koma aiki, ga hatsi ya sake yin kai.

Na sami mushen a birnin Tawa, yana shan shayi ƙarƙashin fanka.

"Madam, an yi bincike. Ga takarda."

"Mushe, wane wata kaz zo?"

"Afirilu."

"Ka taɓa ganin hatsi tsaye cikin Afirilu?"

"Ni injiniya na, ba manomi ba." Ya shiga ba ni labarin wani babban shataletale da za a gina idan masu tallafi sun amsa wasiƙa. Shataletale! A gaban mutumin da ba ya iya sa a sare kara huɗu.

Kawu Manzo ma bai fi shi ba, da na roƙe shi ya sare layi huɗu na bakin kwanar.

"Layi huɗu, Rahama? Ɗiyata, kin san dami nawa ke nan?"

"Kawu, ƙahwar Issouf dami nawa ta?"

"Shi rage gudu mana. Hatsina bai taɓa banke kowa ba."

Asabar da hantsi na ɗauki adda. Na fara daga cikin kwanar, ina sara ina jin karan na faɗuwa kamar suna sauka daga bisa ƙirjina. Ina layi na uku kawu ya iso a guje, rawaninsa na bin bayansa.

"Rahama! Haukacewa kinka yi? Wallahi sai na kai ki gaban maigari!"

"Kai ni, kawu. Amma matsa kaɗan, kana bisa wanda zan sara."

Ya matsa.

Lahadi na tsaya wurin. Daga nesa na hango jar hular Issouf, ga wani kamyon na gangarowa daga Kalfu, ya ci rabin hanyar wani. Sai na ga Issouf ya ɗaga kai, ya gan shi tun da sauran nisa, ya rage wuta, ya raɓe gefe. Kamyon ya wuce da rurinsa.

Ya tsaya gabana yana haki.

"Mi kike yi nan, Rahama?"

"Hau babur ɗinka ka wuce. Fasinjarka na jira."