Hatimi a Hannun 'Yar Fashin Teku

Karo na uku ke nan Chizuru tana zazzage aljihun tebur a kan tabarma. Batura, tsofaffin maɓallai, makullin keken da aka sayar bara, duk sun fito sun gaishe ta, hatimin kuwa shiru. Sha ɗaya ta wuce, kuma ƙarfe uku ne iyakar lokacin da kamfanin ya ba ta ta kai takardar kama aiki da hatiminta a jiki. Shekara huɗu tana gida kafin a samu wanda ya kira ta.

A garin nan ko ka tsaya da ƙafafunka ka rantse kai ne kai, ba a yarda sai ɗan guntun icen nan ya sha jar tawada ya ba da shaida. Da sunan gidansu irin na kowa ne, da ta leƙa shagon araha, inda komai kuɗinsa yen ɗari ne, ta tsinto wani. To, ita ta je ta auri Hibarino, sunan da sai an ba mai sassaƙa kwana uku. Ta kira mai sunan a waya.

"Baban Nazuna, ka ɗauki hatimina?"

"In yi me da shi? Muna taro. Kin duba aljihun tebur?"

"Madalla da wannan basira. In ba kai ba, wa zai tuna da aljihun tebur?" Ta kashe wayar.

A falo talabijin na ta faman aikinsa. Kyaftin Ponta ake yi, katun ɗin 'yan fashin teku da 'yarta Nazuna take kallo safe da yamma kamar magani. Chizuru ta daɗe tana jinjina wa mutanen da suka zauna a ofis da digirinsu, suka ga babu abin koyi ga yara kamar ɓarayi. Ɓarayin ma na ban haushi: suna goge baki, suna ware shara gida uku, suna rusunawa su ce sun gode. Shekara biyu suna gantali a teku, ko allura ba su taɓa sata ba. Sana'arsu ɗaya, su binne akwati, su zana taswira, gobe su tono shi suna mamaki.

Nan fa Chizuru ta farga. Ta juya ta ƙare wa yarinyar kallo: baƙin ƙyalle a ido ɗaya, yashi a safa.

"Nazuna, ina hatimin Mama?"

"Babu Nazuna a jirgin nan. Kyaftin ce."

"Ranki ya daɗe, Kyaftin, ina hatimin?"

"Na binne."

"A ina?"

"Ba a gaya wa mutanen tudu. Sai 'yan jirgi."

Ta gwada alawa. Ta gwada cewa za ta kashe talabijin har Nazuna ta yi aure. Yarinya ta naɗe hannu a ƙirji ta kau da kai. Ashe duk goge bakin da ake koyarwa bai shiga ba, riƙe asiri ne ya zauna daram.

Haka aka yi Chizuru ta shiga aikin fashi. Da tsakar rana ta fito cikin baƙar kwat ɗin zuwa ofis, takalmi mai tsini, hular takardar jarida a ka, shebur ɗin roba a hannu, tana bin Kyaftin zuwa filin wasan unguwa tana rera waƙar jirgi, don an ce in ba waƙa ba tafiya. Iyaye mata uku na kan benci suna buɗe kwanukan abincin yara. Maman Sota, wadda ɗanta turanci kawai yake kallo a talabijin kuma kowa ya sani, ta ɗan rusuna.

"Maman Nazuna, kina da ƙoƙari fa. Sabon aikin ke nan?"

"Shi ne. Yau na fara, har an ba ni kayan sarki."

Taswirar da Kyaftin ta zana ta ce taku goma daga kyanwa. Kyanwar kuwa, da yake ba a sanar da ita muƙaminta ba, ta tashi tun jiya. Chizuru ta tuɓe takalmi ta durƙusa a ramin yashi, ta tona nan, ta tona can, Kyaftin na tsaye a kanta tana gyara mata riƙon shebur. Ɗaya da rabi ta gota kafin shebur ya ci karo da gwangwanin alawa. Ta miƙa hannu ke nan, Nazuna ta riga ta, ta rungume shi a ciki.

"Ba ni, Nazuna. Wasa ya ƙare."

"In kika buga hatimin, kullum za ki riƙa tafiya?"

"Wa ya gaya miki haka?"

"Na ji kina gaya wa Baba. Kin ce zama da ni a gida zai kashe ki."

Gaskiya ne, Chizuru ta tuna. Ta faɗa, ranar Lahadi, tana wanke shinkafa, tana zaton katun ya cinye kunnen yarinyar. Kunya ta lulluɓe ta, ga kuma tausayi, ga agogo na tafiya. Ta ce ba haka take nufi ba, ta ce za ta riƙa dawowa kullum kafin duhu. Nazuna ta miƙo gwangwanin da kanta.

Uku saura kwata suka isa hawa na shida a ginin kamfanin. Chizuru ta hure yashin da ke bakin hatimin, ta dangwala tawada, ta dubi 'yarta da ke zaune a kujerar baƙi ƙafafu na reto. Ta buga.

"Ya ɗan karkace, amma ba komai," in ji ma'aikaciyar. "Litinin, ƙarfe tara."

A cikin lif su biyu ne kawai. Nazuna ta ja mata gefen kwat.

"Mama, yanzu ba za ki mutu ba?"

"Ba zan mutu ba."

"To, shi ke nan. Ki tafi."

Chizuru ta ɗaga kai tana bin lambobin hawa da ido, shida, biyar, huɗu, har suka sauka ba ta iya duban ƙasa ba.