Hannun da Muka Binne a Garkar Batula

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta da karatun Mardiya ba. Jikata ce, ɗiyar ɗana Illiassou, wanda ya kawo ni Vaulx-en-Velin, a ƙasar Faransa, in zauna da su. Ɗiyan mutane na karatun likita, ita kuwa kullum ta tafi inibarsite a Bron, ta dawo da labarin matattun Italiyawa. Wai akwai zamanin da ilimi ya yi barci a ƙasarsu, sai waɗansu suka tashi suna tonon ƙasa, suna fiddo gumakan kakanninsu, suna kakkaɓe tsofaffin littattafai, suna koyon sassaƙa da zane daga gare su.

Na ce, "Ke ja'ira, a garinmu Damagaram abin da aka binne aka tono, sunansa daban."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Ga ta ta rame, ba ta cin tuwo sai shan kafe, in ta kulle ɗaki sai ka ji ƙyas-ƙyas kamar ɓera.

Ran Laraba ta fita, na shiga ɗakinta shara. To, shara dai. Tsintsiya ta taɓo wani kwali ƙarƙashin gado. A ciki ga farin ƙyalle an naɗe kamar likkafani. Na kware.

Hannun mutum! Fari fat, sanyi ƙarara, da jijiyoyinsa da faratansa, manuniya a miƙe tana nuna ni.

Na saki salati. Da rarrafe na kai ga talho na kira Batula, maƙwabciyarmu. Ta leƙa kwalin ta ja da baya har ta buge da ƙofa.

"Yaya Hassia, sammu ne! Ba ki ga yatsa ba? Nuna yarinyar aka yi."

"Wa zai yi?"

"Wa kuwa in ba Raliatou ta gidan da ke kallon naku ba? Tunda ɗiyarta ta faɗi jarrabawa take kallon Mardiya da wutsiyar ido."

Wallahi abin da ke bakina ke nan ta riga ni. Batula ta ce a jefa shi kogin Rhône, ruwa mai gudu ke karya asiri. Na ce mu tsofaffi biyu bisa gada da hannun mutum, ɗan sanda ya tsai da mu, da wane Faransancin za mu yi bayani? Sai muka sa shi cikin sak, jakar cefane, muka nufi ƴar garkar da Batula ke shuka yakuwa. Duk wanda ya dube mu a hanya sai in ƙara ƙanƙame sak ɗin. Muka haƙa rami, muka juye masa gishirin miya, muka tofa, muka rufe.

Da la'asar na ji ihu daga ɗaki.

"Kaka! Ina kwalina?"

Na ce wane kwali. Ta tsaya a gabana ta yi min bayani. Ashe ita ta yi hannun da kanta, da farar ƙasar nan da ake ɗaurin karaya a gidan likita, ta kwaikwayi na wani gunkin Italiyawan. Gobe za ta kai shi Paris, jarrabawar shiga lakwal, makarantar masu gyaran tsofaffin kayan tarihi. In babu shi, ko ƙofa ba za a buɗe mata ba.

Tsoron safe wasa ne a kan wannan. Yarinyar da ta hana kanta tuwo!

Na faɗa mata gaskiya, muka ɗauko Batula muka koma garka, ga yayyafi ya sauko. Batula ta manta ko gindin yakuwa ne ko na kuɓewa. Tana sara da fartanya sai muka ji ƙas. Manuniya ta fito daban, hannun daban, duk ya sha taɓo.

Mardiya ta zauna cikin laka. Ta ƙura wa guntayen ido.  Don tsoro kawai bakina ya suɓuce.

"To su Italiyawan naki, lafiyayyu suka tono nasu?"

Ta ɗago kai a hankali. "Babu hanci, Kaka. Waɗansu ma babu kai." Ta ɗauki yatsar ta duba karayar. "Kada wadda ta taɓa! Inna Batula, aje fartanyar nan."

A gida ta goge shi da auduga kamar jariri, ta ɗauki hotonsa a karye, sannan ta liƙa yatsar. Ta ce tabon ba za ta ɓoye shi ba. Hukuncina kuwa, ni zan riƙe kwalin bisa cinyata a jirgin ƙasa har Paris. Ban daina karanta Ayatul Kursiyyu ba. Duk sanda jirgin ya girgiza sai in ji kamar yatsar na sosa kwali daga ciki.

A lakwal ɗin aka zaunar da ni tsakanin gumaka, fararen mutane marasa ƙwayar ido, waɗansu ko ɗan kamfai babu. Na ja mayafi na rufe fuska. Da Mardiya ta fito, ta ce malaman sun fi tambayarta karayar da gishirin bisa ga hannun kansa.

Sun ɗauke ta. Ban ce ni na sa ba, amma duk kartiye, unguwa kaf, ya ji daga bakina.

Hannun yana bisa telebijin yanzu. Har yau ba na iya salla yana nuna ni, sai na sa tsintsiya na karkatar da shi wajen tagar Raliatou.