Turken Dokin Barau

A gandun marigayi Maikuɗi, can gefen Fagam, babu ginin da ya kai barga kyau. Soro ne mai azara, mutum na shiga ƙofarsa a kan doki bai sunkuya ba. Da can cike take da dawaki. Shekarar da mahara suka sauko daga duwatsun Ningi suka kwashe su kaf, suka haɗa da Barau, ɗan Maikuɗi, shi kaɗai ne wajen uwarsa Batulu. Dokin Barau ne ya ƙi jawuwa, suka soke shi a bakin rafi. Kowa ya ga mushen dokin, Barau kuwa ba wanda ya san ko yana raye.

A al'adar gidan ba a tumɓuke turke sai an tabbatar mai dokin ya rasu. Batulu ta riƙe wannan gam. Kullum da hantsi sai ta share bargar, ta baza sabon yashi kamar yadda ake yi wa doki mai rai, ta ja ƙyaure. Kashegari sai a tarar sawun kofato ya zagaye turken. Ba na son gardama a kan wannan, waɗanda suka gani ba mahaukata ba ne.

Ƙasimu, ƙanen mijinta da ya riƙe gandun, mutum ne da ko akurki ya gani ba kowa sai ya fara tunanin abin da zai zuba a ciki. Ya matsa a mai da bargar ma'ajiyar auduga.

"Yaya, abin da ke ɗakin nan ba alheri ba ne," in ji shi. "Mata sun daina bi ta nan. Ki bari a cire icen turken, a yi wa yaron nan sadaka."

"Sadakar wa?" in ji Batulu. "Doki ya mutu, na sani. Amma jira yake yi. Da mai shi ya je inda yake a lahira, zai tsaya a turke ne?"

Ita ma fa sawun na ba ta tsoro, sai ta yi addu'a take shiga. Amma ta fi tsoron ranar da za ta tarar da yashi sumul.

Shekaru suka ja. Wata safiya a lokacin kaka Batulu ta tura ƙyaure. Sawun kofato na nan, sai dai bai zagaya ba, daga turke ya miƙe zuwa ƙofa, ya nutse sosai kamar na dokin da aka hau. Kusa da shi ga sawun mutum, ba takalmi, babban yatsan hagu a karkace. Ƙafar da ta wanke tun yana jinjiri ce. Sawun ya shigo har gindin turke, bai koma ba.

A bakin ƙofa Ƙasimu ya same ta zaune, tsintsiya a cinya, ko hawaye babu.

"Ƙasimu, zo ka cire icenka, ka aika a kira liman," in ji ta. "Amma ku bi ta jikin bango. Kada wanda ya taka mini sawunsa."