Rigar Karimu Ta Fita Dabam

Balkissa ba ta taɓa shiga zauren wasa ba sai ranar nan, kuma da don son ranta ne da ba ta shiga ba. Alhaji Tanimu ne ya ja ta. Shi ne yayan marigayi mijinta, babban ɗan kasuwa a unguwar Maourey ta babban birni, mutumin da in ya yanke magana a dangi ba mai sake tayar da ita. Tun bayan salla yake cewa zai tura ɗanta Abdoulkarim, wanda ake kira Karimu, Maradi ya riƙe masa sabon butiki, wato shago, don a ganinsa ƙato mai gemu ba zai ƙare rayuwa yana tsalle-tsalle da gajeren wando ba. Da ta yi ta roƙo ta bakin matarsa, sai ya ɗan sassauta. Ya ce zai je ya gani da idonsa. In yaron wani abu ne a ƙungiyar ƙwallon raga ta ƙasa kamar yadda ake zuzutawa, a bar shi. In kuwa ɗan rakiya ne, ranar Litinin ya hau kar, motar fasinja, sai Maradi.

Ita ba ƙwallon ce ta dame ta ba. Karimu shi kaɗai ne namijin da ya rage mata a gidansu na unguwar Saga. Shi ke ɗauko mata buhun shinkafa daga fadama, shi ke zama bakin ƙofarta da safe yana ba ta labarin da ba ta tambaye shi ba. Ƙungiyar ta sha fita ƙasashen maƙwabta, ya dawo da tsarabar atamfa da ɗingishi, in ta tambayi yadda aka yi ya ce, "Inna, mun ƙoƙarta." Ta san abin da wannan ke nufi. Amma dai yana dawowa. Maradi kuwa, in Alhaji ya dasa mutum a can, sai dai a ga hotonsa a waya ranar salla.

Ranar nan baƙi ne suka zo daga wata ƙasa ta kusa, wanda ya ci shi zai wuce gasar nahiya. Zauren ya cika maƙil tun kafin la'asar, ganga da usur da warin gumi. Alhaji ya shimfiɗa hankici a kan siminti kafin ya zauna, ya tattare babbar rigarsa, ya gyara tabarau kamar wanda ya zo duba kaya a kwastan.

Sai 'yan wasa suka fito. Zaratan samari dogaye, kowa da farar riga. Can a ƙarshen layi ga Karimu, kansa bai wuce kafaɗar na kusa da shi ba, kuma shi kaɗai sanye da riga ruwan lemo. Balkissa ta saci kallon Alhaji.

"Wai mi nike gani haka?" in ji Alhaji. "Balki, kowa da hwarar mayo, shi ɗai aka ba wagga? Ko da aka zo kansa ta ƙare?"

"Ban sani ba, Yaya."

Da gaske ba ta sani ba. Ita ke wanke rigar nan tana shanyawa, amma ba ta taɓa ganin ta kusa da ta sauran ba. Kuma ko da ta sani, me za ta ce? Karimu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", balle ta buɗe baki ta yabe shi gaban yayan ubansa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Aka fara wasa, abin ya ƙara lalacewa. Karimu ya shiga, aka buga 'yan ƙwallaye, sai ga shi ya ruga waje wani dogo ya maye gurbinsa. Ko alƙalin wasa bai dube shi ba. Jim kaɗan ya sake shiga, ya sake fita. In yana ciki ma yana can baya a tsugune, sauran na tashi sama suna dukan ƙwallo jama'a na ihu, shi kuwa aikinsa faɗuwa. Ya faɗi ta ciki, ya faɗi ta gefe, ya mirgina ya tashi.

"Shiga, hita, shiga, hita," Alhaji ya ce, yana kaɗa ƙafa. "Ɗan aike ma akan bar shi ya huta. To ni ban ga ya buga ko guda ta ƙetare raga ba."

Wata budurwa da ke zaune gabansu ta waiwayo. Sakina sunanta, ɗalibar jami'a daga Lamordé, ta shafa launin tuta a kumatu.

"Baba, ai libero ne. Doka ce ta ce rigarsa ta bambanta. Shi ke tsaron baya, ya tare duk abin da aka doko."

Balkissa ta ji wani sanyi a ranta. Ta so ta rungume yarinyar nan.

"To yaushe za shi doka tashi?" Alhaji ya tambaya.

"A'a, Baba, shi ba ya dukan balo sama da raga. Ba ya ma buɗe wasa. Doka ta hana shi."

"Doka ta hana shi." Alhaji ya maimaita a hankali, ya cire tabarau ya goge. "Kin jiya, Balki? An ɗauke shi butiki an hana shi ciniki. Na gode, ɗiyata, kin hutasshe ni."

Sakina ta buɗe baki za ta ƙara bayani, ihu ya tashi, ta juya ta manta da su. Balkissa ta bi ƙeyarta da harara. Da ta yi shiru abinta ai da ya fi.

Daga nan Balkissa ta daina ganin wasa, sai Litinin take gani. Tana ganin jakarsa a bakin ƙofa, tana ganin kanta tana ƙulla masa garin yaji a leda. Aka ci zagaye, aka rama, aka sake ci, aka sake ramawa, ita dai bakinta na motsi tana karanto duk addu'ar da ta zo mata. Ba nasara take roƙo ba. Roƙonta Allah ya sa yaron nan ya yi wani abu guda da zai shiga idon Alhaji. Sau biyu Alhaji na duba agogo. Ya ma fara waya da direbansa.

A zagayen ƙarshe wani ƙaton baƙo ya tashi sama ya sauke ƙwallo da dukkan ƙarfinsa can kusurwar da ba kowa. Karimu ya yi sufa ya bi ta. Hannunsa ya riga ƙwallon isa ƙasa, ta tashi, amma haɓarsa ta daki daɓen, har inda Balkissa take sai da ta ji ƙarar. Ya miƙe yana layi, jini na zuba a gaban rigar. Alƙali ya hura usur, aka riƙo shi aka fitar, wani mai jakar magani ya durƙusa a kansa.

Duk zauren ya tashi tsaye, ban da Balkissa. Ta bi shi da ido har benci.

Aka ci gaba babu shi. Baƙin nan kuwa kamar jira suke. Suka auna wurin da yake tsayawa, ƙwallo ta faɗi tim. Suka sake, ta sake faɗuwa tsakanin dogaye biyu suna kallon juna. Ta gaba ta daki hannun wani ta yi cikin 'yan kallo. Ratar da aka sha wuya aka tara ta narke nan da nan. Wani daga sama ya fara, sauran suka amshe, har ganga ta bi: "Karimu! Karimu!"

Alhaji ya mayar da waya aljihu. Ya leƙa fili, ya leƙa benci, ya sake leƙa fili. Da wata ƙwallon ta sake faɗuwa a wuri guda, sai ga dattijon nan tsaye, babbar riga ta zame daga kafaɗa.

"Kai! Ku maido yaron mana! Ba ku gani gidan a buɗe yake?" Ya dafa kafaɗar wani da bai sani ba. "Ɗan ƙanena ne! Ni na yanka mashi ragon suna!"

Balkissa ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Idonta na kan benci. Mai maganin ya naɗe haɓar da farin bandeji, tun bai gama ɗaurewa ba jini ya ɓullo ta tsakiya. Karimu ya tofar da wani abu a tafin hannunsa, ya duba, ya miƙa wa mai maganin. Haƙori ne. Sai yanzu ta gane inda ɗingishin nan yake samowa, da tabon da ke ƙugunsa, da yatsan da ya daina lanƙwasuwa. Shekara da shekaru ita ke gasa masa jiki da ruwan zafi, ba ta taɓa ganin yadda ake samo ciwon ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da gawar ubansa.

Karimu ya miƙe. Mai horar da su ya riƙe fuskarsa da hannu biyu ya tambaye shi wani abu, ya gyaɗa kai. Ya ruga cikin fili, zauren ya kusa tsagewa. Ya koma can baya ya tsuguna, ya buɗe hannuwa, daidai inda ƙaton nan ke aunawa.

Alhaji ya sunkuyo kanta, fuskarsa sharkaf da gumi, yana dariya har da hawaye.

"Balki, magana ta ƙare! Ba ya zuwa ko'ina. In nemi wani ya riƙe butikin. Wanga nan ne wurinshi, nan za shi zama!"

Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansu.

"Yaya, don Allah ku tahi da shi Maradi."

"Mi kika ce?"

Ta sake faɗa da ƙarfi, amma alƙali ya riga ya hura usur, Alhaji ya juya. Can ƙetaren raga ƙaton ya jefa ƙwallo sama.